Kwamfutar da Aka Sace Tana Bakin Aiki

Kwana goma sha ɗaya da kafa dokar kulle saboda annoba, Sufeto ya shigo ofis da safe ya tarar an yi masa aikin da bai sa ba. Saja ya kamo wani tsoho ya jefa bayan kanta.

"Me ya yi?"

"Maigadin shagon buga takardu ne, yallaɓai. An sace babbar kwamfutarsu shekaranjiya. Mai shagon ya ce shi yake zargi."

Sufeto ya gyara takunkuminsa ya leƙa. Mutum tara ne a ɗakin da huɗu ma sun yi masa yawa, biyu suna tari. Tsohon ya rakuɓe a kusurwa, numfashinsa na fita da kyar, don yana da asma. Gobe da safe mota za ta kwashi mutanen nan zuwa gidan yari, kuma sunan tsohon yana cikin takarda, Oga, shugaban ofishin, ya riga ya sa hannu. Mai irin wannan ƙirji in ya shiga can a tsakiyar annoba, da wuya ya fito da ƙafarsa.

Ya sa aka fito da shi kan benci a waje.

"Baba, ka bar bakin ƙofa ranar?"

"Ko taku ɗaya, ranka ya daɗe."

"Baba, taimakonka nake so in yi. Ka bar ƙofa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na kai wa tsohuwata magani da rana. Awa biyu. Na ji tsoron a ce na karya doka."

A shagon, Sufeto ya fara da kwaɗo. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. A kan tebur ƙura ta zana gurbin kwamfutar, ga wasu ƙanana uku suna ta huci a gefe.

"Wa ke da mukulli?"

"Ni, sai mai gidan haya," in ji mai shagon. "Dogo, wanda ke mana zane, nasa ya ɓata tun wancan watan."

"Maigadi fa?"

"Ba shi da shi."

"Amma shi ka nuna." Sufeto bai jira amsa ba. "Shago a rufe, me ya sa waɗannan ke kunne?"

Nan bakin mai shagon ya buɗe. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, sati uku ke nan tana asibiti ba ta kwana gida ba. Shi kuwa zaman gida ya ishe shi, ga shi ba abin da ya iya sai buga katin biki. Sai ya ji cewa masu binciken magani suna neman aron ƙarfin kwamfutocin jama'a. Mutum ya sauke manhaja, su turo mata ɗan guntun lissafi kan ƙwayar cutar, ta yi ta mayar musu. Washegarin da ya sallami ma'aikata ya sa wa dukkan huɗun.

"Har maki suke bayarwa," ya ce, yana ciro waya. "Ka ga shafina. Wannan ta farko, wannan ta biyu..." Sai ya ƙura wa wayar ido.

"Mene ne?"

"Babbar... makinta ya ƙaru. Yallaɓai, yanzu haka tana aiki!"

"Yaya za a yi?"

"Da an kunna ta, in da intanet, manhajar da kanta take tashi. Ba ta nuna komai a fuska."

Kwana biyu ke nan bawan Allah yana ta kuka da huci, bai taɓa duba wayar da ke aljihunsa ba. Sufeto ya nuna wayar da yatsa.

"Daga wayar nan kana iya ba ta umarni?"

"Ina iya ƙara mata aiki ko in rage. Na bar ta a kaɗan ne, don in aka ƙure ta, fankokinta ihu suke yi kamar injin niƙa."

"Shiga mota. In na turo maka saƙo, ka ƙure ta."

Suka fara da mai gidan haya. Ya rantse ba shi da mukullin kowa, alhali ga tarinsu rataye a ƙusa bayan kansa. Sufeto ya tura saƙo, ya kasa kunne. Ba abin da ya yi kuka a gidan sai agogon bango. Ƙaryar tsoro ce kawai, irin wadda mutane ke yi da sun ga kaki. Ya sa aka rage ta, suka wuce.

Dogo ya daɗe kafin ya buɗe ƙofa. Ɗaki ɗaya ne da falo. A falon akwai tebur an lulluɓe shi da bargo har ƙasa, an ɗora tukunyar fure a kai.

"Yaushe rabonka da shago?"

"Tun ranar da aka sallame mu, yallaɓai. Ko ƙofar gida ba na leƙawa."

"Mukullinka fa?"

"Ya faɗi a mota."

"Kana da kwamfuta?"

"Ina na gan ta? Wayata ma da roba na ɗaure ta."

Sufeto ya zauna, ya latsa wayarsa kamar mai duba lokaci. Ya shiga tambayar Dogo lafiyar iyayensa. Can sai wani siririn sauti ya taso daga ƙarƙashin tebur. Ya yi ta ƙaruwa har gefen bargon ya soma kaɗawa.

"Mene ne wannan?"

"Firiji ne... na maƙwabta."

"A ƙarƙashin teburinka?"

Saja ya yaye bargon. Ga ta nan, da tambarin shago a jikinta, tana fitar da iska mai zafi. Allon kawai Dogo ya samu ya cire da ya ji bugun ƙofa.

Dogo ya zube ƙasa. "Wallahi aro na yi. Wasu ne suka ba ni aikin zane, na ce in gama in mayar kafin a buɗe gari. Na fake ne har na ga Baba ya tafi."

"Ka san yana tsare?"

Dogo ya kau da kai.

"Ka sani?"

"Na ji jiya."

Saja ya sa masa ankwa ya tasa shi gaba zuwa mota. Mai shagon ya fito zai rungumi kwamfutarsa, Sufeto ya tare shi.

"Ita ba inda za ta je. Akwai wanda za ka fara ba haƙuri."

Kafin la'asar Oga ya soke sunan tsohon da jan biro. Likita ya zo ya gwada shi, ya ce ya killace kansa a gida tukuna. Bayan kwana biyu sakamako ya fito, bai kamu ba. Sufeto ya karanta takardar sau biyu a tsaye, sannan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Rabon da ya ji daɗi haka tun kafin annobar. Ya ɗauki waya ya kira lambar da tsohon ya bari.

"Baba, Sufeto ne. Lafiyarka ƙalau."

Sai ya ji tsohon ya ɗaga murya yana kiran tsohuwar tasa a cikin gida: "Ke, buɗe ƙofar nan ki shigo! An ce ba ni da ita."