Ɗigon Rijiyar da Ba a Nunawa

Barira, matar jikana Nazifi, ita ta fara gaya mini wannan labari, a tsakar gidana, bayan magariba. Sauran daga bakinsa na ji. Karatuna na yaƙi da jahilci ne. In kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, ba don ado nake yi ba.

Ta shigo da goyo a baya, hannunta na dama a miƙe kamar mai jan makaho. Babu kowa a hannun.

Na ce, "Ke kaɗai? Ina angon nawa? Ko ya ci jar miyar birni ya manta da tsohuwar matarsa?"

Ta ce, "Ga shi nan, Inna."

Na duba zaure. Na duba bayanta.

"Yarinya, ni ba sa'arki ba ce."

Sai murya daga gefenta, a hankali. "Tsohuwa, ina wuni."

Ludayi ya faɗi daga hannuna. Barira ta kama yatsuna ta ɗora a kan iska. Na ji gemu. Na ji hanci, dogon nan irin na kakansa. Da ɗumi, yana numfashi. Idona kuwa bangon ɗaki kawai yake gani.

Ta ce, "Inna, wata biyu ke nan ba wanda ya gan shi. Ko ni."

Na shimfiɗa tabarma. Na ga ta lotsa a gefe guda. Na ce, "Faɗi. Kada ka rage."

Aikinsa a birni taswira ce, irin ta cikin waya, wadda ake ja da yatsa. Ya ce in ɗauke ta kamar shimfiɗar gado: tabarma a ƙasa, katifa a kai, sannan zani. Shimfiɗar ƙasa daban, ta hanyoyi daban, ta rijiyoyi daban. Wasu ne ke yawo suna tattaro sunaye. Shi nasa ya tsara wacce za ta fara buɗewa, wacce za ta hau kan wacce, wane launi za ta sa, wacce ba za ta fito ba sai an matso da taswirar kusa.

Ofishinsu ya karɓi aikin rijiyoyin yankinmu. Kowace rijiya ya yi mata ɗigo shuɗi. Ka taɓa ɗigon, sunanta ya fito.

To, arewa da garinmu, a hanyar tsohuwar kasuwa, akwai wata rijiya. Ba a ɗibarta. Ba a kiran sunanta, ni ma ba zan rubuta ba. Babbar dokarta kuma, ba a nuna ta da yatsa. In ya zama dole, da leɓe ake nunawa. Yaron da ya manta ya miƙa hannu, sai an sa shi ya ciji yatsan. Nazifi ya san haka. Ni da kaina na taɓa buge masa hannu.

Na ce, "Kai, da hankalinka?"

Ya ce, "Wallahi ban gane ta ba. A kwamfuta layi ce cikin layuka."

Mako uku da sakin taswirar aka turo shi ya duba ko kowane ɗigo ya zauna daidai wurinsa. Ya zo a babur, shi kaɗai. Bai ma biyo ta gidana ba, ɗan nema. Rana tsaka ya isa wurin.

Ya ce babu tsuntsu. Babu ko ƙuda. Wani mutum na zaune a bakin rijiyar, ya juya masa baya.

Ya yi sallama. Mutumin bai amsa ba.

"Kai ne mai taswira?"

Muryar ba daga bakinsa take fitowa ba. Daga ƙasa take tasowa, tana amsa kanta.

"Ni ne, baba."

Mutumin ya juyo. Watan bazara ne, ƙasa duk ta tsage. Amma ƙafafunsa jiƙe suke, ruwa na ɗiga daga yatsun, bai daina ba. Fuskarsa, wuyansa, hannuwansa, duk tabo ne baƙi-baƙi. Kowanne girman kan yatsa.

Suna cikin haka mutumin ya zabura, ya dafe kunci.

"Ga wani."

Ya ɗauke hannu. Sabon tabo.

"Shekara nawa muna zaune da kakanninka, ba wanda ya tsone mu. Yanzu dare da rana. Daga garuruwan da ban taɓa ji ba."

Nazifi ya ce, "Ban sani ba, baba."

"Yanzu ka sani. Cire gidana daga taswirarka."

"Zan cire."

"Kwana bakwai."

Nazifi bai san yadda ya tayar da babur ba.

Da ya koma ya sami shugabansa, ya ce akwai rijiya ɗaya da mutanen gari ba sa son a saka. Shugaban ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce rijiya ɗari biyu da goma sha ɗaya aka ce musu, ɗari biyu da goma sha ɗaya zai gani duk ranar da ya buɗe. In ɗaya ta ɓace, wanda ya ɓatar da ita ya bi ta.

Ga mata, ga jaririya. Nazifi ya zauna ya yi dabara. Bai hana ɗigon buɗewa ba. Launinsa kawai ya janye, ya mai da shi garau kamar ruwan gora. Lissafin shugaba ya cika. Ido ba ya ganin komai. Ya ce har daɗi ya ji, ya ɗauka ya raba gardama.

Na ce, "Amma yana nan."

Ya ce, "Yana nan, Tsohuwa. Abin da na manta ke nan. Ɗigon da ba launi, in an taɓa shi yana amsawa."

Wurin yana gefen hanya. Duk mai jan taswira sai yatsansa ya sauka a kai. Sai suna ya fito daga fili, inda babu komai. Samari suka gano. Suka riƙa tura wa juna: taɓa nan ka ga abin mamaki. Ɗigon da a da sau goma ake taɓawa a yini, ya koma ba iyaka.

Rana ta takwas, da azahar, kowa ya fita cin abinci. Nazifi na ofis a bene na biyu. Ya ji ɗigar ruwa. Ya duba famfo, a rufe. Ya leƙa matakala. Sawun ƙafa jiƙaƙƙu, suna hawowa.

Da ya juya, mutumin rijiyar na zaune a kujerarsa. Ya ce ba sauran wurin tabo a jikinsa. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe.

"Ka cire?"

"Na ɓoye, baba."

"Na tambaye ka ka cire?"

Nazifi ya ja da baya.

"Ba a ganina. Ana taɓa ni." Ya miƙe, ruwa na bin ƙafar kujera. "Dabararka ta yi kyau. Na ba ka ita."

Ya shafa masa jiƙaƙƙen hannu a fuska, sau ɗaya. Sanyi kamar ƙasan tulu. Ya sauka.

Barira ta karɓi zancen. Ta ce da farko sai ta ga kamar ya koɗe, irin atamfar da ta sha wanki. Kwana uku tana ganin ƙofar ɗaki ta cikin ƙirjinsa. Ranar Juma'a ta farka, filo a lotse, minshari na tashi, babu mutum. Duk rigar da ya sa, ita ma sai ta bi shi.

Na ce, "To a je a cire ɗigon mana! Me ake jira?"

Ta ce an cire. Ta je ta durƙusa wa abokin aikinsa, ya goge shi daga taswirar ofis.

Nazifi ya ce, "An makara. Tun makon da na janye launin wasu suka kwafi shimfiɗar rijiyoyin, suka saka a nasu taswirorin. Masu aikin ruwa, masu aikin gona, 'yan makaranta. Da ɗigon nan marar launi suka ɗauka. Ban san su ba. Ban san adadinsu ba."

"Malamai fa?"

"Huɗu. Sun yi iya yinsu, Allah Ya saka musu."

"Ka koma wurinsa?"

"Jiya muka biya. Na tsaya na roƙa har muryata ta dishe. Daga ƙasa ya amsa mini. Ya ce ranar da yatsa ya daina sauka a kansa, ido zai sauka a kaina."

Na ce, "Yaushe ke nan?"

Na ji tabarma ta motsa.

Barira ta kai hannuna ƙafarsa. Tsumma ne ɗaure, ya jiƙe. Mai babur ne ya bi ta kansa, bai ma san ya buge mutum ba. A masallaci an zauna masa a wuya. Maƙwabciya ta watsa masa ruwan zafi tana zubarwa a kwata. Shi ya sa suka baro birni.

Jaririyar ta farka. Ya ce, "Ummi, zo wurin Abba." Yarinya ta waiga, ta waiga, ta ƙwalla ƙara ta cusa kai a jikin uwarta.

Ya ce, "Kullum haka. Ta ɗauka ni ne aljanin."

Na ji kukansa. Na lalubo kansa na ɗora a cinyata. Zanina ya jiƙe, ina kallon jiƙewar tana faɗi. Ban ce masa zai warke ba. Ban saba yi masa ƙarya ba.

Ku jikokina da za ku karanta wannan, ku ji. Kada wanda ya bi hanyar tsohuwar kasuwa shi kaɗai da rana tsaka. In kuna jan taswira a waya, kuka ga suna ya fito a fili inda babu komai, ku ɗauke yatsa. Kada ku tura wa kowa. Ɗan'uwanku kuke ƙara wa kwana.

Da gari ya waye na yi sallah, na shiga garke. Na kwance 'yar ƙararrawar wuyan tunkiyata, na wanke ta da toka. Na ce ya miƙo ƙafa. Na lalubi idon sawun mai lafiya, na ɗaura, na ja ƙulli biyu. Ƙararrawar ta ɓace a hannuna ina kallo.

Na ce, "Tashi ka taka."

Ya taka. Ta yi ƙara.

Na fita ƙofar gida, na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Na ce in sun ji ƙararrawa tana tafe babu dabba, su ba da hanya. Jikana ne.