Agogo na Goma Sha Tara

"Kwanta! Kwanta, tsoho!"

Julius ya banke ƙofar falon da ƙafa, bindiga a gaba, Natan na biye da jaka. Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Lahadi. Layin nan na Sabon Garin Keffi tsit, kowa ya tafi coci. Ubale direba yana waje cikin mota, inji a kunne.

Tsohon bai kwanta ba. Baba Yosiya ke nan, tsohon ma'aikacin gwamnati. Shekara talatin ya yi yana bin gidajen ma'aikatan da suka rasu, yana sayen agogunan gwal na da, irin waɗanda ake ba mutum idan ya tsufa a bakin aiki. Da can dariya ake masa. Da Abuja ta cika ta tumbatso, sai ga manya da jibga-jibgan motoci suna sallama a ƙofarsa. Kullum ƙarfe takwas yakan buɗe akwatin ƙarfensa, ya jera agogunan a kan shuɗin ƙyalle, ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Julius ya ce gaisawa yake da su, tsohon banza. Wannan gaisuwar suka zo suka tarar.

"'Ya'yana, ku bari in gama da—"

Ƙum! Gindin bindiga a ƙeya. Tsohon ya kife a kan tebur.

"Kwashe! Shap-shap!"

Natan ya hau tattarawa. Hannunsa ya kai kan wani ɗan ƙarami mai fatar da ta tsage, agogon ya juye. A bayansa an zana rubutu: Jethro, Panda, 1974.

Sunan ubansa ne. Yana ɗan shekara shida uban ya rasu, uwarsa Lea ta sayar da agogon. Abin da ya rage masa na mutumin bai wuce ƙarar agogon nan ba, lokacin da yake kwantar da kunne a hannunsa.

"Kai Natan! Hoto kake ɗauka?"

Agogon bai shiga jaka ba. Safa ya shiga.

"Ubale, taka! Taka wuta!"

Suka yanki Gangaren Tudu, suka hau titin Abuja. Babu wanda ya bi su. Ubale ya yi hamma, ya murza idanu.

"Oga, ni fa daga wannan na ajiye. Bayana ya mutu. Shekara goma sha ɗaya ina gudu da mota, ko kaza ban ajiye ba."

"Haka ka ce bara."

"Bana da gaske nake."

Ni da nake ba ku labarin nan na gaji da jin wannan magana. Duk ɗan fashin da na sani aikin ƙarshe yake yi, har ranar da za a ɗauko shi a bayan motar 'yan sanda.

A can gidan Baba Yosiya, matarsa Magdalena ta dawo daga coci ta tarar da shi a ƙasa, baki ya karkace. Ihunta ya tara layin. Sufeto Abubakar ya iso da rana tsaka, a motar haya, don ta ofishin 'yan sanda ba fetur. Fashi na huɗu ke nan a wannan watan. Ya dubi shuɗin ƙyallen, ya dubi matar.

"Mama, guda nawa ne?"

"Goma sha tara. Ni ban san kansu ba, yallaɓai. Ku tambayi Akanbi mai gyaran agogo, shi kaɗai yake barin ya taɓa su."

Akanbi dattijon Bayarabe ne, yana da ɗan teburin gilashi a bakin kasuwa tun kafin a yi jihar Nasarawa. Sufeto ya same shi da gilashin gyara maƙale a ido.

"Ko a cikin dubu zan gane su," in ji Akanbi. "Duk agogon da na gyara, sai na karce sunana da kwanan wata a cikin murfinsa. Haka ubangidana ya koya mini."

Sufeto ya rubuta masa lambar waya a bayan kwalin ashana. Bai sa rai ba. Wane ɓarawo ne zai kawo irin wannan kaya kasuwar Keffi?

Ran Litinin da hantsi, Julius ya dawo daga Abuja ya same su a wani kango bayan Masaka. Fuskarsa ba kyau.

"Mai sayen ya ce sha tara ne. Ya taɓa ganinsu da idonsa. Sha takwas na kai masa." Ya dube su. "Wa ya ci ni?"

Agogon yana ɗaure a ƙwaurin Natan, ƙarƙashin wando. Ji yake kamar duk kangon na jin ƙararsa.

"Jakar a ina ta kwana?"

"A mota," in ji Ubale. "Amma Oga, wallahi—"

"Kai ne mai ritaya, ko? Guzuri ka ɗauka?"

"Haba Oga! Shekara goma sha ɗaya! Natan, gaya masa mana!"

Natan ya buɗe baki. Kalma uku kawai ake nema: yana wurina, Oga. Ya dubi bakin bindigar. Ya rufe bakinsa.

Tau! Tau!

Ubale ya zame a jikin bulo, ya zauna kamar mai hutawa. Julius ya laluba aljihunansa, ya zazzage motar kaf. Ba komai. Ya yi tsaki.

"Ya riga ya kai wani wuri, shege. Kai kuma Natan, ka ɓace, sai na neme ka."

Natan ya koma ɗakinsa a Keffi, ya rufe ƙofa. Bai ci ba, bai yi wanka ba. Ya kwanta, agogon a kunne. Kas-kas-kas. In ya rufe ido Ubale yake gani, in ya buɗe ma shi ne. Ƙarar nan ce kaɗai take riƙe da shi. Ya ce a ransa, ko ba komai ya dawo da abin ubansa gida.

Da la'asar ƙarar ta tsaya.

Ya girgiza shi. Ya buga shi a tafin hannu. Shiru. Batir ya mutu, abin da ya zo masa ke nan, don shi tun da ya yi wayo agogon batir ya sani. Ya daure ranar Talata. Ran Laraba ya kasa. An kashe mutum saboda abin nan, kuma ya zauna masa shiru kamar dutse? Ya san ganganci ne. Ya sa hula, ya tari acaɓa.

"Baba, batir za ka sa mini."

Akanbi ya karɓa. Ya juya shi sau ɗaya. Ya ɓalle murfin, ya kara gilashi a ido. Ga sunansa nan, har wuri uku.

"Naka ne, ɗana?"

"Na babana ne."

"Zauna. Irin wannan sai na kira wani."

Ya ɗauko kwalin ashana, ya danna waya, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Natan ya zauna a benci. Da Natan ɗin makon jiya ne, da tuni ya tsallake kwata ya shige kasuwa. Wannan ya gaji. Ƙafafunsa ma ba su yi masa tayin gudu ba.

Keke Napep ya tsaya. Sufeto da mutum biyu suka diro.

"Kar ka motsa! Hannu sama!"

Ya miƙa hannuwan tun kafin a gama faɗa. Ankwa ta yi ƙaras.

"Julius yana otal ɗin bayan tasha a Mararaba, ɗaki na shida," ya ce, ba wanda ya tambaye shi. "Ubale yana kango a Masaka. Ku je da likkafani." Sannan ya juya ga Akanbi. "Baba, don Allah. Ka sa batir ɗin, in ji shi sau ɗaya."

Akanbi ya girgiza kai.

"Wannan ba ya cin batir, ɗana. Lafiyarsa ƙalau. Wana shi ake yi, kullum da safe."

Ya mayar da murfin. Ya kama ɗan kunnen da ke gefe da yatsu biyu, ya murza, ya murza. Ya kara masa a kunne.

Kas-kas-kas.

Sai ga shi ya dawo wa Natan tar: ubansa zaune a bakin gado a Panda, kafin addu'ar safe, babban yatsansa yana murza gefen agogon. Shi duk zatonsa lokaci yake gyarawa. Abin da Baba Yosiya ke yi ke nan ƙarfe takwas, ba gaisuwa ba. Natan ya fashe da kuka a tsakiyar kasuwa, ƙato da shi, mata masu tumatir suna kallo.

Julius bai yarda an kama shi ba, a matakalar otal aka harbe shi. An binne Ubale ba tare da ya ajiye ko kazar ba. Agoguna sha takwas sun shige Abuja, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Baba Yosiya ya rayu, amma hannun damansa ya shanye. Magdalena ta ce har yanzu ƙarfe takwas yakan shimfiɗa shuɗin ƙyallen da hagu, ya zauna. Natan yana gidan yari, kuma ba fitowa zai yi da ƙuruciyarsa ba.

Agogon Jethro kuwa, Sufeto Abubakar ya sa shi a ambulan, ya rubuta masa lamba a matsayin shaida, ya jefa a aljihun tebur ya kulle. Ya yi kwana ɗaya da rabi yana tafiya a cikin duhu, sannan ya sake tsayawa.