Ranar da Auta Ta Buga Hatimin Umma

Akwai wata yarinya da kowa yake kira Auta. Tana aji biyar a firamare. Tana da kirki, amma fa akwai rawar kai. Ko ba a sa ta aiki ba, sai ta sa kanta.

Ummanta injiniyar gine-gine ce. A ɗakin aikinta akwai faffaɗan tebur da dogayen takardun zane. A aljihun teburin kuma akwai ɗan hatimi mai ɗauke da sunanta da lambar lasisinta. Hukumar injiniyoyi ce ta ba ta shi. Duk zanen da ta buga wa hatimin, to ta yarda a gina shi ke nan.

Maƙwabcinsu tela ne, suna ce masa Baba Tela. Yana so ya ɗora bene a kan shagonsa, don masu koyon ɗinki sun yi masa yawa. Magini ya yi masa zane, shi kuma ya kawo wa Umma ta duba.

Wata rana Umma ba ta gida, sai ga Baba Tela.

"Auta, ko Ummanki ta gama da zanena? Magini ya hana ni sakat."

Auta ta ruga ɗakin aiki. Ga zane a kan tebur, amma babu hatimi. Ta ce a ranta, ai mantawa Umma ta yi. Ga shi Baba Tela mutumin kirki ne, shi yake ɗinke mata jakar makaranta duk sanda ta yage. Ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko hatimi, ta danna shi a kan takardar.

Baba Tela ya karɓa yana ta sa albarka. Auta kuwa sai faɗin rai take, wai ita ta yi abin kai.

Bayan 'yan kwanaki, Umma ta shiga neman zanen.

"Ina takardar Baba Tela ta shiga? Dole in gaya masa kada ya fara. Ginshiƙan sun yi siriri, rodin ma ya yi kaɗan. In aka ɗora bene a haka, zai rufta wa mutane."

Nan take Auta ta tuna yaran da ke ɗinki a shagon. Ta so ta yi shiru, amma ta kasa.

"Umma, ni na ba shi. Kuma... na buga masa hatiminki."

Umma ta dafe ƙirji. Ba ta tsaya faɗa ba, ta ja hannun Auta suka fita da sauri.

Suka tarar magini ya kafa katakai, leburori suna kwaɓa kankare.

"Ku dakata!" in ji Umma. "Kada a zuba ko cokali ɗaya!"

Ta yi musu bayani. Baba Tela ya dubi yaransa, ya dubi rufin shagon.

A hanyar gida Umma ta ce, "Gobe zan kai kaina hukuma. Zanen ya riga ya shiga ofishin ba da izinin gini da sunana."

"Me za su yi miki, Umma?"

"Suna iya karɓe lasisina. In suka karɓe, ba ni ba aikin injiniya."

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Washegari suka tafi tare. Wani dattijo mai farin gilashi ne ya saurare su. Shi ne mai binciken laifin injiniyoyi.

"Injiniya, me ya hana ki kulle hatiminki?"

"Sakacina ne, ranka ya daɗe."

Auta ta miƙe. "Baba, ni ce mai laifi. Taimako na so in yi. Don Allah kada a hukunta Ummata."

Dattijon ya ce, "'Yata, kafin mu ba mutum hatimin nan, sai ya yi karatu, ya yi aiki a ƙarƙashin manya, ya ci jarrabawa. In ya buga shi, alkawari ya ɗauka cewa ginin ba zai faɗo wa kowa ba. Ke kin san nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka?"

"A'a, Baba."

Ya juya wajen Umma. "Za mu rubuta miki gargaɗi. Amma tunda kin tsayar da aikin, kuma kin kawo kanki, lasisinki yana nan."

Auta ta durƙusa. "Na gode, Baba! Na gode!"

Umma ta gyara zanen, aka gina bene mai ƙarfi. Ranar da aka gama, Baba Tela ya zo har gida.

"Injiniya, kin ceci yarana. Ke ma Auta na gode, da kin yi shiru da yanzu wani zancen ake."

Auta ta rungume Umma. "Na gode da kika ɗauki laifina a kanki."

Tun daga ranar Auta ta gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Aikin da ba ka da iliminsa da izininsa, bar wa masu shi. In kuma ka yi kuskure, faɗi gaskiya da wuri.