Fankar Rijiyar Zaki

Ranar kasuwar Makoda Tahira ta fara ganin Muntaka, a rumfar caji. Wayar mahaifinta, Malam Nababa, ta kawo, don a ƙauyensu turakan wuta sun shekara tara a tsaye babu waya, awaki ne kawai ke susa a jikinsu.

"Taki ce ko ta Baba?" in ji Muntaka, mai rumfar.

"Ta Baba. Tawa ta mutu tun Laraba."

"Ba mutuwa ta yi ba, suma ce. Kawo ta."

Ta yi dariya a tsakiyar kasuwa, abin da bai dace da 'yar malamai ba, amma ta yi.

Ashe ɗan ƙauyen gaba da nasu ne, farantin sola ɗaya ne duk arzikinsa. Da ya farfaɗo da wayarta, saƙonsa ya fara shigowa: "Hasken idona, cajina saura kaɗan, a kanki zan ƙarar da shi."

Da zance ya kai kunnen Malam Nababa, ya kira ta zaure.

"Uwarki ta tsufa a bakin turmi, hayaƙin aci-bal-bal ya cinye mata ido. Abdulkabir na Rijiyar Zaki ya aiko neman aurenki, gidansa da wuta, da fanka, da firji. Ba zan tilasta miki ba, amma mai cajin nan, ba da yawuna ba."

"Baba, ni dai..."

"Na gama."

Damina ta kankama. Kwana biyar babu saƙo, Tahira ta ɗauka Muntaka ya ji labarin ya janye. Ta rame, ta daina duba wayar. A na shida sai ga shi:

"Tahirata, rana ce ta ƙi fitowa, ba ni ba. Sau uku mutanenmu suna kai takarda kamfanin wuta, ana cewa gidajenmu sun yi kaɗan, kuma talakawa ne, jan waya ba zai biya ba. Wuta kam ba zan yi miki alkawarinta ba. Ni dai ina nan."

Malam Nababa ya hau mota ya tafi binciken gidan Abdulkabir, kamar yadda uba na gari ke yi. Bayan la'asar ya dawo, riga jiƙe da gumi, ya zube a tabarma.

"Mutanen kirki ne," ya ce. "Sun zaunar da ni ƙarƙashin fanka tun hantsi, ba ta motsa ba. Taransifoma ta ƙone tun ƙaramar salla. Firjin, kwanuka ake ajiyewa a ciki."

Ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Hutu na nema miki, Tahira, ban samo ba. Ki ce wa mai cajin ya turo magabatansa."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita, tsohon ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙuri mai yawa. Za ku buƙace shi."