Bodin Katakon Ikenna

An sace bodin tirela guda, cike da katakon maɗaci, a wani gareji bayan kasuwar Katako a Jos, ranar Lahadi da rana tsaka. Ba a fasa ƙofa ba, ba a daki kowa ba. Wani ne ya zo da kan mota, ya ja baya, ya haɗa, ya fita abinsa.

Bodin na Ikenna ne, dillalin katako. Ya dawo daga coci ya tarar da fili, aka ce masa farin kai ne ya ja. Kan da direbansa Datti ke tuƙawa fari ne. Cikin ɓacin rai ya ba 'yan sanda sunan mutumin da ya shekara goma sha tara yana ja masa kaya. Aka kama Datti, Laraba za a kai shi kotu.

Litinin da safe matar Datti, Sumayya, ta taso daga Tudun Wada ta sami Mahdi makanike a rumfarsa.

"Baba Mahdi, a gida ya yini yana barci. Sun ce shaidata ba ta da amfani, ai mijina ne."

"Koma ki dafa abinci ki kai masa. Sauran kuma ki bar mini."

Mahdi da ƙyar yake rubuta sunansa, amma shekara talatin ya yi a ƙarƙashin tirela. Ya fara da Madina mai abinci, wadda rumfarta ke bakin ƙofar garejin, ita ce kuma ta ga fitar motar.

"Kin ga fuskarsa?"

"Ina tuƙa tuwo zan ga fuska? Ta can gefen ya sauko, ƙafafu kawai na hango. Abin da ya ba ni haushi, ya haɗa bai tafi ba. Ya sauko, ya hau, ya ja gaba kaɗan, ya tsaya, ya sake saukowa. Hayaƙi duk ya shiga mini miya."

"Kin faɗa wa 'yan sanda haka?"

"Launi suka tambaye ni, na ba su launi."

Mahdi ya tafi ofishin 'yan sanda ya nemi Sajan Chundung, mai riƙe da maganar. Mace ce marar son dogon zance, shi ma haka, sai suka daidaita.

"Madam, a bayan kowane kai akwai farantin ƙarfe da bodi ke zama a kansa, tantebur muke ce masa. Wani a kafe yake. Wani yana kan dogo mai ramuka, ka zare sakata ka matsar da shi gaba ko baya. Bodin Ikenna doguwar gaba gare shi. In faranti bai koma can baya ba, kwanar farko bodin zai murƙushe ɗakin direba."

"To?"

"Na Datti a baya yake zaune kullum, don wannan bodin yake ja. Zai haɗa ya wuce. Wanda Madina ta gani sai da ya tsaya ya matsar da nasa."

Ta ɗauki hularta. "Farin kai nawa ne a garejin?"

"Uku."

Suka tarar da Ikenna a can, ya zauna a kan tsohuwar taya, idonsa ja. Mahdi ya hau bayan kan Datti, ya kira Sajan ta hau.

"Ni na shafa wannan giris ranar Asabar. Ga shatin yatsuna huɗu. Da bodi ya hau kansa, da ya murje."

Ikenna ya leƙo ya gani.

Kai na biyu na Onyebuchi ne, mai jan taki. Da ya ji abin da ake nema sai ya fashe da dariya.

"Baba, in ka motsa wannan abu na bar maka motar, har da ni a ciki."

Mahdi ya ja hannun sakata, ko gezau. Aka kawo guduma, mutum biyu suka buga har suka yi gumi. Ruwan Jos ya haɗa ƙarfe da ƙarfe, tsatsa ta cinye ramukan. Sajan ta ce wa Onyebuchi ya je harkarsa.

Kai na uku na Zainulabideen ne, Zainu ake ce masa, mutum mai tsabta, kullum motarsa a wanke. Da shi da Datti kwano ɗaya suke ci a wurin Madina. Farantinsa na gaba, inda aka saba ganinsa.

"Ina kake ranar Lahadi?" in ji Sajan.

"Daɗin Kowa, ranki ya daɗe, wajen ƙanena."

"Motar fa?"

"Na fita da ita wanki, na dawo da ita."

Mahdi ya ce, "Zainu, yaushe rabonka da matsar da farantin nan?"

"Haba Baba, siminti nake ja, me zai kai ni? Shekara huɗu ban taɓa shi ba."

"Shekara huɗu. Kowa ya ji ko?"

Mahdi ya sa yatsa ɗaya ya ja hannun. Sakata biyu suka zare sumul, ko ƙara babu.

Mahdi ya shafa dogon ya kai hannunsa hancin Sajan. "Man gas. Kwana biyu ya yi yana jiƙa shi don ya saki. Dubi ramukan baya, fari tas, sakata ta zauna a ciki kwanan nan. Ya wanke sama, ya mayar da faranti inda yake." Ya cusa waya ƙarƙashin farantin ya ƙwaƙulo baƙin giris, ya murza a tafinsa. Jan gari ne a ciki. "Siminti ba ja ba ne, Zainu. Garin maɗaci ne wannan."

Zainu ya dubi ƙofa. Onyebuchi na tsaye a bakinta, ya harɗe hannu.

"Ban ɗauka Datti za a kama ba," in ji Zainu a hankali.

"Da aka kama shi fa? Jiya da yamma ka ci tuwonka har da ƙari," in ji Madina daga rumfarta.

Kafin azahar Zainu ya kai su wani kango kusa da tsohon ramin kuza, a hanyar Bukur. Bodin na nan an lulluɓe shi da tamfol, ko falanki ɗaya ba a sauke ba, mai saye bai iso ba tukuna.

Da la'asar aka saki Datti. Ikenna na jiransa a bakin ofis, hularsa a hannu.

"Datti, na yi kuskure. Ni ne na kira sunanka. Ka yafe ni."

Datti ya ce, "Oga, ba ni za ka fara ba haƙuri ba. Mu je gida ka gaya wa Sumayya."

Ya je kuwa. Ya tsaya a zaure gaban maƙwabta ya faɗa da bakinsa cewa Datti ba ɓarawo ba ne. Alhamis da safe Datti ya haɗa bodin ya kama hanyar Bauchi.

Zainu kuwa alƙali ya ba shi shekara uku, ƙungiyar direbobi ta cire sunansa. Motar da ya yi rabin rayuwarsa kafin ya mallaka, aka sayar da ita yana ciki.