Tasar da Aka Kife a Gidan Bompai

Ranar Laraba, dab da magariba, na koma Bompai wai na manta mayafina. Ƙarya nake, yana kafaɗata. Tasa na koma ɗauka.

Shekara shida ina goge-goge a gidan marigayi Alhaji Ashafa, mai kamfanin jima a Challawa. Gini ne irin na sarauta, zankwaye a sama, soro mai bakan gizo, dagi a kowane bango. Ya tara kayan da, su takubba da ƙyamare masu sassaƙa. A ɗakin ƙurya kuwa jeren wata tsohuwar gimbiya ne da ya saya, tasoshin tagulla tun daga ƙasa har rufi. Guda ɗaya ce a kife a tsakar ɗaki. Baba Yohanna maigadi ya gaya mini tun ranar farko, a goge bayanta amma kar a buɗe ta.

To ni bikin 'yar Saudat ƙanwata ne ya tsaya mini a rai. Jeren da Saudat ta yi wa 'yarta a Zawaciki, mata har riƙe baki suke. Ta dube ni tana murmushi, wai Yaya, na Zaituna fa sai haƙuri. Zaituna 'yata ce, ita kaɗai Allah ya bar mini, bikinta saura kwana tara. Na ce sai na kafa mata tasar da Saudat ba za ta taɓa samun irinta ba. Ta kifen ba ta cikin jere, wa zai lura?

Baba Yohanna yana baya yana ban ruwan shuka. Jiniyar wani kamfani ta yi kuka, ta yi shiru. Na shiga ba sallama.

Ɗakin sanyi ƙalau. Ƙamshin tsohon turaren wuta, da na ɗanyen lalle. Ni kuwa na san ba mai ƙunshi a gidan.

Na durƙusa na buɗe tasar. Cikinta da ɗumi.

Tasoshin bango suka fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya.

Sai numfashi a ƙeyata, da motsin awarwaro.

"Kin fi ni," in ji muryar wata tsohuwa, ƙasa-ƙasa. "Shekara shida kina goge kayana kina ambaton sunan 'yarki. Ni na yi jere, ban samu 'yar ba."

Bakina ya ƙi addu'a.

"Kwashe duka. Ki bar mini ita."

Na leƙa tasar. Fuskar Zaituna a ciki, ido a rufe.

Na kife ta, na danne da gwiwa. Na ce ba na so, wallahi ba na so. Aka riƙe mayafina ta baya. Na zare kafaɗa, na bar shi.

A soro Baba Yohanna ya tsince ni. Bai tambaye ni komai ba, ya kulle ƙofa, ya tsayar mini da adaidaita.

Na tarar da maƙwabta suna yayyafa wa Zaituna ruwa. Ta faɗi ne tana alwala. Da ta farfaɗo ta ce wata tsohuwa ce ta riƙe hannunta tana gwada mata awarwaro.

Da kwanuka takwas aka yi mata jere. Saudat ta taɓe baki.

Ban koma aikin ba. Zaituna na ɗakin mijinta lafiya, sai dai kowace magariba takan bi kwanukanta ta kife su, ta ce ita ma ba ta san dalili ba. Ba na hana ta. Kuma in ina goge kwano, ko a gidana ne, ba na ambaton sunanta.