Ba a Harbin Likita

A unguwar Ƙurban da ke Madina akwai wani yaro mai wayon tsiya. In ana wasa, shi dai ya ci, ko ta halin ƙaƙa.

Bayan la'asar yaran layinsu sukan yi yaƙin bindigar ruwa. Wanda aka jiƙa sai ya zauna, ba zai tashi ba sai likita ta taɓa shi. Likitar ita ce ƙanwarsa Suhaila, 'yar shekara shida. Tana da farar jaka mai jan jinjirin wata, a ciki har da filasta ta gaske. Kowane ɓangare take yi wa magani.

Ran nan yaron ya ga ana cin su. Sai dabara ta faɗo masa: idan babu likita, ai wanda ya zauna ya zauna ke nan. Ya laɓaɓa ya feshe Suhaila da ruwa tun daga kai har ƙafa.

"Ni fa likita ce, Yaya," in ji ta. Ta shige gida da jakarta tana kuka.

Ya ci wasan kuwa. Amma garin tsallen murna ya zame, gwiwarsa ta fashe. Ya yi ta kiran Suhaila, shiru.

Ammu Walid, dattijo Bafalasɗine mai kanti a bakin layi, ya ga komai. Ya daɗe cikin Hausawa, har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya kira yaron, ya wanke masa ciwon, sannan ya nuna masa hoto a waya. Wata mata ce sanye da riga mai alama irin ta jakar Suhaila. Ya ce 'yarsa ce Nadiya, tana aiki a motar asibiti a Gaza, kuma yau kwana uku bai ji muryarta ba.

"Ba ta da bindiga, ya waladi, ɗana," in ji shi. "Wannan alamar ce kaɗai garkuwarta. Idan aka taɓa ta, wa zai kai marasa lafiya asibiti?"

Kunya ta kama yaron sosai.

A gida Umma ta dubi gwiwar, ta ce ita ba ruwanta, ya je ya roƙi likitar da ya kora. Ya je ya ba ta haƙuri. Suhaila ta ɗan ja aji, sannan ta buɗe jaka.

"Halas, ya wuce, miƙo ƙafar."

Washegari yaron ya tara abokansa, ya ce daga yau ba a harbin likita. Ammu Walid ya leƙo daga kanti yana murmushi, ya ce Nadiya ta kira, tana lafiya. Suhaila ta ce a gaishe ta, a ce daga likitar Ƙurban.

Yara, mai ba da magani na kowa ne. Ko a wasa, ko a yaƙi, a kare shi, a ba shi hanya ya kai ga maras lafiya.